Ciwon da Ba a Yi wa Sannu

A ƙauyukan da ke tsakanin Agye da Gazawa, turmi ne ke tada gari. Tun kafin rana ta fito ake jin tabare na amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan, domin furar da za a kai gona sai an surfa geronta, an wanke, an daka. A wani gida na can, wata safiya cikin watan Yuli, tabarya ɗaya ta yi shiru a tsakiyar daka. Mai riƙe da ita amarya ce ƴar shekara 19, wadda aka kawo daga wani gari na gundumar Gidan Rumji bayan an gama girbi. Ta jingine tabaryar jikin danga, ta zaga bayan rumbu da sauri, ta daɗe ba ta fito ba. Uwar mijinta na zaune bakin murhu, ta ji komai, amma ba ta waiwaya ba. Can sai ta miƙe ta ɗauki tabaryar ta ci gaba da dakan, aikin da rabonta da shi shekara biyar ke nan. Da yarinyar ta dawo tana goge baki da gefen zane, tsohuwar ta ce mata, idonta na cikin turmi: “Ƴar nan, tafi inuwa ki tsince mini waken can.”

Iyakar sanarwar da aka yi ke nan. Daga ranar duk matan gidan sun san amarya na da juna biyu, amma babu wadda ta furta, kuma babu wadda za ta furta sai abin ya fito fili da kansa.

Bahaushe gwani ne wajen gaida marar lafiya. Mai ciwon kai ma ana tambayarsa ya jiki, a ce masa sannu, a roƙa masa sauƙi, maƙwabta su shigo dubiya da ƴar fura ko goro. Laulayi kaɗai ne ciwon da ake gani a kauda kai, saboda wanda ya ce wa mai laulayi sannu ya tona abin da take rufewa. Dalilan rufewar ba ɗaya ba ne. Akwai kunya, musamman ta cikin fari, wadda ke bin uwa har ta ƙi kiran sunan ɗan bayan an haife shi. Akwai tsoron baki da ido da maita, wanda har yau bai bar zukata ba. Akwai kuma dalili na uku da ba a cika ambata ba, alhali ya fi sauran ƙarfi: yawancin ɓari a watanni ukun farko yake aukuwa, kuma tsofaffi sun ga haka da idonsu tun ba a rubuta shi a littafin likita ba. Cikin da ba a sanar ba, in ya zube, mai shi ba ta da bayanin da za ta yi wa kowa. Barbara Cooper, masaniyar tarihi ƴar Amurka da ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta fitar da littafi a 2019 kan tarihin haihuwa a wannan yanki na Sahel, kuma kunya na cikin abubuwan da ta tsaya a kansu. Shirun nan yana da hikima a cikinsa. Sai dai ya faɗo daidai kan watannin da jikin mace ya fi buƙatar a yi magana.

Faransanci na kiran abin «nausées matinales», wato tashin zuciya na safe, suna ne da duk macen da ta taɓa yi za ta yi wa dariya, don kuwa yana zuwa da hantsi, ya zo da la'asar, ya tada mace cikin dare. Kalmar Hausa ta fi faɗi, ta kuma fi gaskiya. Laulayi ya haɗa tashin zuciya da amai da kasala da yawan tofar da yawu da ƙin warin abin da jiya ake so, har da kwaɗayin abin da ba a taɓa kulawa da shi ba. Da kalmar ake siffanta yaron da ba ya rabuwa da ƴan cututtuka, a ce yaro ne mai laulayi: ba ya kwance, ba ya kuma tsaye sosai. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mata 7 cikin 10 na yin sa. Yakan fara wajen mako na 6, ya yi tsanani wajen na 9, ya lafa cikin wata na huɗu, ko da yake akwai waɗanda yake raka su har ɗakin haihuwa.

Gidan da amaryar nan ta shigo ya san aikinsa. Ba tare da an yi shawara ba, matar wan mijinta, wato faccalarta, ta karɓe mata girki, domin warin daudawar batso in ta faɗa cikin tukunya ya isa ya fitar da mai laulayi daga gida. Ranar da ake matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, sai a aike ta gidan wata gwaggo a can ƙarshen gari da saƙon da bai kai a aiki mutum ba. Da asuba takan tarar da ɗan ƙanzo a kwano bakin ƙofarta, ta ci kafin ta tashi tsaye. Aka riƙa dama mata koko mai citta, tsararo, a ba ta a ƙaramin ludayi. Ƙanen mijin da ya je kasuwa ya dawo da tsamiya da lemun tsami da goriba da busasshiyar aya irin ta Caduwa, ya zube su gaban uwarsa, bai tambayi na wane ne ba. Wanda ya duba da kyau zai ga abin da tsofaffin nan ke yi shi ne abin da ungozomar asibiti ke faɗa: kada a bar ciki wayam, kada kuma a cika shi; a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa; a fara da busasshen abu; a guji maiƙo da wari; a kurɓi ruwa mai sanyi tsakanin ci da ci maimakon a shanye moɗa guda a tashi ɗaya. A 2016, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na kula da masu ciki, citta da bitamin B6 na cikin abubuwan da ta ambata don rage tashin zuciya. Cittar dai tana cikin kokon matan Agye tun kafin a kafa hukumar.

Ba duk abin da ke cikin kwallar tsohuwa ne ke da wannan shaida ba. Farar ƙasa da masu ciki ke gaigaya na cika ciki ba ta ciyar da shi, tana iya hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe, kuma sau da yawa kwaɗayinta alama ce ta ƙarancin jini. Jiƙe-jiƙen maganin zaƙi masu ɗaci babu mai iya faɗin ƙarfinsu, kowace tukunya da nata. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin da ake tallarsu a faranti ranar kasuwa, waɗanda rana ta dafa, mai sayarwa kuma da launi ya san su. Duniya ta taɓa biyan kuɗin wannan ganganci da tsada: daga 1957 zuwa 1961 an sayar wa masu ciki wata ƙwaya mai suna talidomid a ƙasashe da dama, tana kwantar da tashin zuciya ƙwarai, sai aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu. Watannin laulayi su ne watannin da ake ƙera gaɓoɓin ɗa.

Ga kuma lokacin da abin ya zo. Yuli a wannan yanki wata ne na noma, rumbu ya yi ƙasa, fura ta yi ruwa. Mace na da aikin gandu, tana da ƴar gamanarta da za ta nome wa kanta, ga rijiya, ga itace. Shawarar a ci kaɗan-kaɗan sau shida a yini tana da daɗin faɗa a birni. A gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya, sai an yi dabara. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi na haihuwar ƴaƴa 8.4 a matsakaici, lokacin da na Nijar duka yake 7.6, kafin na ƙasar ya sauko zuwa 6.2 a binciken 2021. In mai karatu ya ɗauki ciki takwas, ya ba kowanne wata biyu zuwa uku na laulayi, zai tarar akwai matan da suka ba wannan ciwo kusan shekara biyu na rayuwarsu, suna surfe suna noma, ba a taɓa ce musu sannu a kansa ba. Idan kuma watannin suka faɗo cikin azumi, wata wahalar ce: malamai sun yarda mai cikin da ke tsoron cutuwa ta sha, amma yarinyar da ke ɓoye ciki ba za ta bari a ga bakinta na motsi da rana ba, don shan azumin ma sanarwa ce.

Da laulayin amaryar nan irin na kowa ne, da labarin ya ƙare a kan ƙanzo da tsamiya. Amma a mako na uku sai abin ya sake kama. Koko ya daina zama, ruwan tsamiya ya daina zama, daga baya ko ruwan randa ta kurɓa sai ya dawo. Leɓunanta suka tsage, idanu suka faɗa, zanen da take ɗaurawa ya riƙa kwancewa. In ta miƙe sai jiri ya mayar da ita. Tsohuwar ta ga duk wannan, ta auna shi da mudun da take da shi, wato cikin da ta yi guda tara, ta ce a ranta kowace mace da irin nata, haƙuri ne magani. Mijin kuwa, saurayi ne da kunyar uwarsa ta hana shi ko tsayawa bakin ɗakin matarsa da rana. Abin da ya iya shi ne ya sayo ƙwayoyi ja da fari a kasuwa ya tura mata ta hannun yaro, Allah ya sa su ma ba su zauna ba. Aka fara raɗe-raɗin iska, wata ta ce sammu ne daga garinsu. Aka karɓo rubutu, ta sha, ya dawo. Ita kanta yarinyar ta yi shekara biyu a kwaleji kafin a cire ta, ta san akwai abin da ake kira ƙarin ruwa, amma da wane baki amarya za ta ce wa surukarta a kai ta likita, kuma ta ce don me?

Faccalar ce ta fasa shirun. Ta sami tsohuwar bayan sallar isha, ta durƙusa ta ce: “Inna, ku gafarce ni da abin da zan faɗa. Yarinyar nan yau kwana biyu ko ruwa bai zauna mata ba, tun jiya kuma ban ga ta zaga ba. Na yi nawa sau biyar, ban taɓa ganin irin wannan ba.”

Tsohuwar ta yi shiru, sa'an nan ta ce: “To, me kike so a yi? A ɗora ta bisa amalanke a ratsa gari da ita, a buga mata ganga?”

“A ce zazzaɓi ne, Inna. Damina ce, wa zai tambaya?”

Da wannan ƙarya aka ɗaura wa shanu amalanke da asuba. A gidan likita na karkara, irin wanda ake kira CSI, aka soki yatsarta aka gwada jini, ba a sami zazzaɓin cizon sauro ba. Ungozomar ta ce gwajin wajibi ne duk da haka, domin ta fi saba ganin akasin wannan: a kawo mace an ce laulayi ne, ashe zazzaɓi ne ya ci jininta, shi kuwa ya fi tsananta wa mai cikin fari, daga Yuli zuwa Oktoba kuma shi ke cika gadajen. Aka ɗaura wa yarinyar ruwa, aka yi mata allurar tsayar da amai irin wadda aka san ba ta cutar da ciki. Ta kwana uku. A rana ta biyu ta riƙe rabin kofin kunu.

Abin da ya same ta yana da suna a likitance, kuma yakan sami mace 1 zuwa 3 cikin 100: laulayi mai tsanani, wanda amai ba ya tsayawa har jiki ya bushe, gishirin jini ya rikice, ƙoda ta wahala, mace ta zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta. In ya daɗe, rashin bitamin B1 na iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kafin a san ƙarin ruwa ta jijiya yana kisa, kuma inda ba a kai mace da wuri ba har yau yana iya yi. Ungozomar ba ta yi wa tsohuwar faɗa ba. Ta zaunar da ita kan benci ta ce: “Inna, ku ne likitan farko, ni ta biyu ce. Amai sau ɗaya ko biyu a yini, tana ci tana sha, wannan naku ne. Amma in yini da kwana suka wuce ruwa bai zauna ba, ko fitsari ya ƙaranta ya yi ja, ko ta tashi ta faɗi, ko jiki ya yi zafi, ko kuka ga jini a aman ko a zane, to, ya zama nawa. In kuma ciki ya tsufa sai amai ya dawo da ciwon kai da kumburin fuska, ko tsakar dare ne ku taho.”

Raina wannan ciwo bai tsaya a ƙauye ba. A 1999 wata masaniyar ƙwayoyin gado a Amurka, Marlena Fejzo, ta yi irin wannan laulayi har ta kasa tashi, cikin ya zube, likitan da ke duba ta kuwa ya nuna mata cewa neman a kula da ita take yi. Ta mayar da abin aikin rayuwarta. A watan Disamba na 2023, ita da Stephen O'Rahilly na jami'ar Kambirij a Ingila da abokan aikinsu suka buga sakamako a mujallar Nature: wani sinadari mai suna GDF15, wanda mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa, shi ne babban mai tada zuciyar, ta wajen taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke sa amai. Macen da jikinta bai saba da sinadarin ba kafin ciki, wato wadda nata ya yi ƙasa tun asali, ita ce ya fi bugawa in ya hauhawa. Ke nan ba raki ba ne, ba ƙin gidan miji ba ne, ba kuma hannun wani ba. Abu ne da ke bin jini, shi ya sa ƴar wadda ta yi shi ta fi kusa da yin sa.

A nan ne al'ada ta makara da wata huɗu. Mai cikin fari sai a wata na bakwai ake mayar da ita gaban uwarta goyon ciki, alhali matar da ta fi kowa sanin irin laulayin da za ta yi ita ce wannan uwa. Da aka aika Gidan Rumji cewa yarinya ta kwanta likita, uwar ta hau mota ta biyo babbar hanya ta Maraɗi da Caduwa da Agye ta iso da yamma. Ta dubi ƴarta, ta fita waje, ta gaya wa faccalar a hankali cewa haka ta yi a cikin wannan yarinyar, wata uku tana kwance, har an fara fidda rai. Shekara 19 ba ta taɓa gaya wa ƴar ba. Ta yaya za ta gaya mata, ƴar fari ce, ko sunanta ba ta kira?

Tun 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki, a shekarun ne kuma aka gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka da yawa. Jagoran nan na 2016 na son mace ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kafin mako 12 ya cika, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da gidan sauro, daga mako na 13 kuma a fara ba ta maganin rigakafin zazzaɓi. Amma mata da yawa ba sa zuwa sai ciki ya ɗaga zane. Ma'aikata kan kira wannan jahilci, kalmar kuwa ta yi arha. Inda aka ware ranar awo, aka jera mata a layi gindin bishiya kowa na wucewa yana ƙirga su, an mayar da awo shela, kuma macen da ke ɓoye ciki ga surukarta ba za ta je ta zauna a wannan layi ba. Inda ungozoma ta bar ƙofa a buɗe, mace ta shigo kowace rana kamar mai ciwon kai, a duba ta a ɗaki a rufe, kunya ba ta da abin cewa. Haka ƙwayar ƙarin jinin: takan ƙara wa wasu tashin zuciya, su zuba ta bayan danga su yi shiru, alhali da sun faɗa da an ce su gwada shan ta da dare bayan tuwo.

Amaryar ta koma gida da katin awo da gidan sauro da ƴan ƙwayoyi a ƙullin leda. Gari ya zo gaishe ta da zazzaɓi, ta amsa sannu fiye da ɗari, kowa ya san ta mece ce, kowa ya ce Allah ya raba mu da sauron bana. Laulayin bai tafi nan take ba, sau ɗaya ma sai da aka sake mayar da ita aka ƙara mata leda biyu. Ya lafa ne wajen tsakiyar Satumba, lokacin da gero ya nuna. Ranar da ƙanen mijin ya gasa tumu a tsakar gida, ta miƙa hannu ta karɓi zangarniya guda ta murje ta cinye, ta nemi ta biyu, faccalar ta juya baya tana dariya.

Har yau ɗin nan tsohuwar ba ta furta kalmar ba. Katin awon dai yana hannunta, ta sa shi cikin kwalla ƙarƙashin zannuwanta na biki, kuma da yake ba ta karatu, da ranakun kasuwa take ƙirga lokacin komawa. In ya matso sai ta fara ɗingishi tun da yamma, ta zauna bakin murhu tana matsa gwiwa, ta ce yadda duk gidan zai ji: “Ƴar nan, gobe ki yi sammako ki raka ni likita. Ƙafar nan ta sake tashi.”